Faranshiz nawa zan ɗauka a inshorar lafiyar iyalina? Ina neman shawara kafin Alhamis

Baban Ummi, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya damina, ya iyali? Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta gaban manya. Kayan gyaran babur nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Bara cikin watan Satumba yarona ya kwanta asibiti kwana biyar, zazzaɓi har da suma, sai da na taɓa jarin shago kafin muka fito. Tun ranar na ƙudurta zan yi wa gidana inshorar lafiya, asurans kamar yadda muke cewa a nan. Mu shida ne: ni, uwargida, da yara huɗu masu shekara 11, 8, 6, da auta mai shekara 2.

Wakilin wani kamfani ya zo shago ya bar min takarda mai zaɓi uku. Duk ukun suna biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti da magani. Bambancinsu yana wajen abin da ya kira faranshiz, wato kuɗin farko da zan fara biya daga aljihuna kafin su sa hannu. Na ɗaya babu faranshiz, sefa 420,000 a shekara. Na biyu faranshiz 50,000, kuɗin shekara 330,000. Na uku faranshiz 150,000, kuɗin shekara 240,000. Zai dawo ran Alhamis. Ni zuciyata na kan na uku, uwargida ta kafe a kan na ɗaya. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka don Allah.

Ɗan Domayo, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Na uku mana. Rarar 180,000 a hannun ɗan kasuwa ai ba ƙaramin abu ba ce, ka juya ta sau huɗu kafin shekara ta zagayo.

Maman Hanifa, Ngaundere:
Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Alhaji, ka saurari uwargidanka. Ina zuwa, in na sauke tukunya zan faɗi dalilina.

Mai Lissafi, Garwa:
Alhaji, kada ka sa hannu tukuna. Akwai abin da bai zauna min ba a lambobin nan.

Mu ɗauka faranshiz ɗin na gida ne gaba ɗaya, sau ɗaya a shekara. Tsakanin na ɗaya da na uku an rage maka 180,000. Me ka ɗauka a madadinsa? 150,000. Kai, bai ma kai haka ba, domin ko a zaɓi na ɗaya kashi 20 na wannan kuɗin kai ne mai biya, wato 30,000. Ainihin nauyin da ya ƙaru a kanka 120,000 ne. Ashe an ba ka 180,000 don ka ɗauki 120,000. Ko duk gidan sun kwanta, Allah ya kiyaye, kana da ribar 60,000 a kowace shekara. In haka ne wa zai sayi na ɗaya? Shekara 14 ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin kuɗi, ban taɓa ganin kamfanin inshora yana raba kyauta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saboda haka ka kira shi yau, ka tambaye shi: faranshiz ɗin nan na gida ne, ko na kowane mutum, ko kuwa na kowane ciwo? Uku ne daban-daban, kuma na ƙarshen shi ne mai haɗari, don duk zazzaɓin da bai kai 150,000 ba kai kaɗai za ka biya shi, ko sau goma ne a shekara. Ka ce ya nuna maka layin a rubuce cikin kwantiragin. Maganar baki ba ta biyan kuɗin asibiti.

Baban Ummi, Garwa:
Wallahi ban tambaya ba, Malam. Shi ma bai faɗa ba. Bari in kira shi bayan La'asar.

Malamar Jinya, Gidar:
Kafin ya amsa, Alhaji, bari in rage maka wani ɓangare na lissafin. Autarka mai shekara 2 ba ta cikin wannan damuwar sosai matuƙar asibitin gwamnati kuke zuwa. Tun 2011 maganin zazzaɓin cizon sauro mara tsanani kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, a 2014 aka haɗa da mai tsananin. Da aka ƙaddamar da kashin farko na CSU, shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa, a watan Afrilu 2023, ganin likita ma ya zama kyauta gare su. Sai dai ka je ka yi mata rajista ka karɓi katin, mutane da yawa ba su yi ba. Gaskiya wani lokaci magani kan yanke, a rubuta muku takarda ku saya a kanti, amma duk da haka nauyin ya ragu. Sannan kada ku ƙi masu yawo gida-gida da maganin rigakafin damina na 'yan wata 3 zuwa 59. Tun 2016 ake rabawa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma mu da ke ɗakin yara mun ga bambanci da idonmu.

In kuma Hajiya ta samu juna biyu, akwai Cek Sante, takardar lafiyar masu juna biyu, na sefa 6,000: awon ciki, haihuwa, tiyata in ta kama, da kula da ita da jariri har kwana 42. Ina faɗin wannan ne don kamfanoni sukan sa lokacin jira mai tsawo a kan haihuwa, wata tara ko goma, ka biya kuɗinka amma cikin da aka shigo da shi ba ruwansu. Masu shekara 6, 8 da 11 ɗin nan su ne ba su da kowa sai kai.

Almajirin Malam, Pitowa:
Ni tambayata daban ce. Inshorar nan ta halatta kuwa? Ka biya kuɗi ba ka san za ka ci moriyarsa ko ba za ka ci ba, ai malamai sun yi magana a kan irin wannan.

Mai Lissafi, Garwa:
Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma malamai sun yi saɓani a kai, musamman in akwai larura. Abin da zan iya ƙarawa daga ɓangarena: hukumar CIMA da ke tsara harkar inshora a ƙasashe 14, har da Kamaru da Cadi, ta fitar da ƙa'idar takaful, wato inshora irin ta Musulunci, a 2019. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya nemi mai irin wannan tsarin, ya kuma tambayi malaminsa. Amma ko a takaful ɗin za ka tarar da faranshiz, tambayar Alhaji na nan daram.

Shugaban Zaure:
Maganar halacci mu ware mata rana ta musamman, mu gayyato masana. Yanzu a taimaki bawan Allah, Alhamis ta kusa.

Maman Hanifa, Ngaundere:
To na dawo. Ku maza kuna lissafi da alƙalami, ni bari in faɗi abin da ke faruwa a tsakar gida.

Maigidana ma'aikaci ne, wurin aikinsu sun yi musu inshora mai faranshiz a kan kowane zuwa asibiti. Kun san abin da ya biyo baya? Yaro ya yi zafi da dare, in ce mu tafi asibiti, ya ce ai kuɗin ba zai wuce faranshiz ba, mu za mu biya duka, a sayo masa ƙwaya wajen mai tebur a gani zuwa gobe. Gobe ta zama jibi. Ba mugun mutum ba ne, wallahi yana son 'ya'yansa, amma ƙarshen wata ne kuma aljihu ya bushe. Hanifa sai da ta kai ga ƙarin jini. Da mun je daren farko, gwaji ne da magani na kwana uku.

Wannan ba ya shiga lissafin Mai Lissafi. Idan kati na hannun mace, ta san in ta je kashi 20 kawai za ta biya, ba ta jiran kowa, goyo za ta yi ta tare mai babur. Idan ta san 150,000 na farko daga aljihun maigida za su fito, sai ta tsaya neman izini, shi kuma ya tsaya duba aljihu. Zazzaɓin yaro kuwa ba ya jira. Uwargidanka ta san abin da take faɗa, Alhaji, ita ce ta kwana biyar a bakin gadon nan.

Ɗan Domayo, Marwa:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma wannan halin mutum ne, ba laifin faranshiz ba. Wanda ya ware kuɗin ya ajiye ba zai yi jinkiri ba.

Maman Hanifa, Ngaundere:
Ɗan'uwana, nuna min ɗan kasuwar da ya ajiye 150,000 a akwati wata goma sha biyu bai taɓa ba, alhali kaya sun yi araha a Duwala. Kai da bakinka ka ce a juya ta sau huɗu. Kuɗin da ke cikin kaya ba ya zuwa asibiti ƙarfe biyun dare.

Ɗan Domayo, Marwa:
Nan kam kin kama ni.

Yaya Babba, Janeba:
Gaisuwa ga mutanen gida. Nan Suwizalan kowa dole ya yi inshorar lafiya, kuma kowace shekara muna wannan muhawarar da kuke yi. Babba yana zaɓar faranshiz daga faran 300 zuwa 2,500 na kuɗin nan. Abin da nake so ku lura da shi biyu ne. Yara nasu daban ne, daga sifiri zuwa 600, kuma galibin iyayen da na sani sifiri suke ɗaukar wa yara ko da su sun ɗauki mafi girma wa kansu. Dalilin Maman Hanifa ne dai. Na biyu, bayan faranshiz muna biyan kashi 10, amma yana da iyaka, ba ya wuce 700 a shekara ga babba. Ƙanena, tambayi wakilin ko kashi 20 ɗinku yana da inda yake tsayawa. In babu, aikin miliyan biyu zai bar maka aƙalla 400,000 a wuya ko wane zaɓi ka ɗauka. Ka kuma tambaye shi ko za a iya raba ku: kai da faranshiz babba, yara babu.

Na Kusuri:
Ƙarin tambaya ɗaya daga mu na bakin iyaka. Mu nan in ciwo ya yi tsanani gadar Ngeli muke tsallakawa zuwa Njamena, ta fi mana Marwa kusa nesa ba kusa ba. Na taɓa kai takardun asibitin can, aka ce min kwantiragina na cikin Kamaru ne kawai, ko dala ba a mayar min ba. Ku na Garwa ma ai kuna zuwa Yola. Ka duba wannan layin.

Baban Ummi, Garwa:
Jama'a na dawo, yau Laraba. Allah ya saka wa Mai Lissafi da alheri. Faranshiz ɗin na kowane mutum ne, a kowace shekara. Yana nan a shafi na huɗu da ƙananan rubutu. Wato a na uku, mu shida, kowa da 150,000 ɗinsa. Jikina ya yi sanyi da na gani.

Jiya da dare ni da uwargida muka zazzage ledar takardun asibiti na bara, ashe duk ta adana su. Ga abin da muka samu: mai shekara 6 da ya kwanta 85,000, mai shekara 8 40,000, babbar 25,000, auta 20,000, uwargida 110,000 saboda gwaje-gwajen ciwon ciki, ni 30,000. Jimla 310,000. Kashi 20 ɗin ba shi da iyaka, Yaya. Iyakar abin da su za su biya, palafon, miliyan biyu ne ga kowane mutum a shekara, duk zaɓin ukun. Wajen Kamaru ba sa biya.

Mai Lissafi, Garwa:
Madalla da Hajiya, ledar nan ta fi duk shawarar da muka bayar. Yanzu ga lissafi na gaskiya, da lambobin gidanka.

In bana ta zo kamar bara. Zaɓi na ɗaya: kashi 20 na 310,000 shi ne 62,000, haɗa da 420,000, ka kashe 482,000. Na uku: babu ko mutum ɗaya da ya kai 150,000, don haka kamfani ba zai biya ko sisi ba, kai za ka biya 310,000 ɗin duka a kan 240,000, jimla 550,000. Na biyu: mutum biyu ne kawai suka haura 50,000, yaron za ka biya masa 57,000, Hajiya 62,000, sauran huɗun duka naka, 115,000. Ya zama 234,000, haɗa da 330,000, jimla 564,000. Ka ga na tsakiyar da yake kama da sulhu shi ya fi tsada.

In kuwa Allah ya kawo shekara mai sauƙi, gida duka ya kashe 60,000 kacal: na ɗaya 432,000, na biyu 390,000, na uku 300,000. Nan na uku ya yi nasara da nisa.

Inda suke haɗuwa shi ne 225,000, matuƙar kuɗin ya watsu a kan mutane da yawa kamar yadda na gidanka yake. Gidan da ke kashe ƙasa da haka a shekara, na uku ya fi masa. Gidan da ke haurawa, na ɗaya. Kai ka san gidanka: bara ce ta fita daban, ko kusan haka kuke kowace shekara?

Ɗan Domayo, Marwa:
Tsaya Malam. Ai lissafinka ya nuna wani abu da ba ka faɗa ba. Wanda bai yi inshora ba sam, 310,000 kawai ya kashe. Ya fi duk ukun! To me ya kai mutum? Ya zuba adashi kawai, ko ya sayi tumaki biyu-uku ya ɗaure, in ciwo ya zo ya sayar. Haka iyayenmu suka yi.

Mai Lissafi, Garwa:
Gaskiya ka faɗa, kuma a yawancin shekaru haka zai kasance. Da kamfani yana mayar wa kowa fiye da abin da ya karɓa da tuni ya rufe. Ana sayen inshora ne saboda shekara guda ɗin nan da ba a fata. Alhaji kullum yana kan babur tsakanin gida da kasuwa. A ce, Allah ya tsare, an samu karaya da tiyata, nasa ya tashi daga 30,000 zuwa 1,200,000, sauran gida kamar bara. Mara inshora zai nemo 1,480,000. Mai na ɗaya 716,000 har da kuɗin shekara, na biyu 814,000, na uku 880,000. Tumaki nawa za ka ɗaure? Kuma ranar da kake neman mai saye da gaggawa, ranar ce dillali zai karya maka farashi.

Amma ban raina adashinka ba. Wanda ya zaɓi faranshiz babba, adashin ne ya kamata ya tsaya masa a baya. Su biyun tare suke tafiya.

Malamar Jinya, Gidar:
Ku kuma duba lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara ke cika har a shimfiɗa tabarma a ƙasa. A Satumba ake komawa makaranta, ga kuɗin rajista ga littattafai. Manomi bai ga kuɗin audugarsa ba tukuna, don haka kasuwa ma a kwance take. Duk wanda zai ɗauki faranshiz ya tambayi kansa ko zai iya fitar da shi a tsakiyar Satumba, na yara biyu a mako ɗaya. Sau nawa na ga wa da ƙane a gado ɗaya.

Tsohon Ma'aikaci, Ngaundere:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, na yi shekaru ina bin irin waɗannan takardu kafin in yi ritaya. Duk lissafin nan yana tsaye ne a kan cewa za a biya. To ta yaya za a biya? Akwai tsarin da za ka nuna kati, asibiti ya karɓi kasonka kawai, ya bi kamfani sauran. Akwai wanda za ka biya duka, ka tara rasit da takardar likita, ka kai ofis ka jira. Na taɓa jiran wata huɗu. In irin na biyun ne, ko ka sayi marar faranshiz, daren da ciwo ya zo kuɗinka ne zai yi aiki, kuma hujjar Maman Hanifa ta rushe. Ka karɓi jerin asibitoci da kantunan maganin da ke karɓar katinsu a Garwa, ba na Yawunde da Duwala ba, don can jerin yana da tsawo, nan arewa yakan zama gajere. Kada ka tsaya ga takarda, ka taka da ƙafarka zuwa guda biyu ka tambayi mai karɓar kuɗi ko har yanzu suna karɓa.

Sai abu biyu ƙanana. Dokar CIMA, sashe na 13, tun gyaran 2011: ba a biya ba, babu inshora. Kada wani ya ce maka kawo rabi, ka fara amfani, sauran daga baya. Kuma kuɗin ka biya inda za a ba ka rasit na kamfani. Na biyu, faranshiz sabo yake komawa ranar da kwantiragi ya zagayo. Ciwon da ya faro a ƙarshen shekarar kwantiragi ya tsallaka sabuwa, sau biyu za ka biya shi. Ciwon cikin Hajiya kuma ka faɗa musu shi tun yanzu a takardar tambayoyi. Wanda ya ɓoye tsohon ciwo ya ba su hujjar ƙin biya, har ma su soke kwantiragin.

Baban Ummi, Garwa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar ciwon cikin nan da ban faɗa ba, ina ganin kamar zai ƙara min kuɗi. Zan rubuta shi.

Malam Mai Lissafi, na tambayi uwargida. Ta ce bara ta ɗan fi, amma tun da yara suka kai huɗu ba mu taɓa sauka ƙasa da 250,000 ba. Ko an cire na auta, muna saman layinka ko dab da shi. Kuma gaskiyar da zan faɗa a gaban jama'a: a watan Satumba ba ni da 150,000 a ajiye, balle na mutum biyu. Don haka na uku ya fita, duk da shi raina ya so. Na biyu ma ya fita.

Na sake kiran wakilin a kan shawarar Yaya Babba, ko za a bar uwargida da yara a marar faranshiz, ni kaɗai in ɗauki 150,000 tunda ban cika zuwa asibiti ba. Ya ce sai ya tambayi ofishinsu. In sun yarda kuma ragin ya taka kara ya karya, haka zan yi. In ba su yarda ba, na ɗaya. Gobe da safe kafin ya zo zan zaga asibitoci biyun da ke jerinsu, ɗaya ma a unguwarmu yake.

Mai Lissafi, Garwa:
In sun kawo farashin rabawar, turo min kafin ka sa hannu. Ragin da bai kai 30,000 ba bai cancanci ka ɗauki 150,000 a kanka ba, kai da kake kan babur kullum.

Ɗan Domayo, Marwa:
Ni dai da nake da mata ɗaya da jariri ɗaya har yanzu na uku zan ɗauka, mu ba ma kashe 100,000 a shekara. Amma zan buɗe masa asusu daban a waya, in ba Hajiya lambar sirrin.

Maman Hanifa, Ngaundere:
Hakan ya yi, ɗan'uwa. Alhaji, saura tambaya ɗaya. In ka tafi Duwala sayo kaya ka yi mako guda, katunan yaran a hannun wa za su kasance?

Baban Ummi, Garwa:
A hannunta, Hajiya. Ta riga ta ce cikin ledar nan za ta sa su.